Wa ke dafa tuwon? Shekarata guda ta karatun zamantakewa a Manchester

Ranar da na gaya wa Baba na samu gurbin digiri na biyu a Ingila, a zaure na same shi yana jan carbi. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, sannan ya tambaya karatun me. Na ce ilimin zamantakewa, wato soshiyoloji, wanda dai na yi a jami'a a Samaru. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To, yanzu zama da mutanen ma sai an je Ingila ake koyo?" Abokinsa da ke gefe ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Shekara huɗu na yi ina karanta soshiyoloji, ban taɓa samun amsar da ta gamsar da Baba ba. Likita ya san aikinsa, lauya ya sani, injiniya ma yana iya nuna gadar da ya gina. Ni kuwa in aka ce me nake karantawa sai in kama kame-kame.

Ba zan daɗe a kan maganar kuɗi ba, duk wanda ya bi hanyar nan ya san ciwonta. A 2023 da na nema, ban da kuɗin makaranta, sai ka nuna fam 1,023 na kowane wata har wata tara, wato fam 9,207, su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Ga fam 363 na biza, ga fam 470 na kula da lafiya a kan kowace shekara, ga gwajin tarin fuka da sai da na je Abuja. Filin da Inna ta gada shi ya tafi, Yaya ya cika sauran. A watan Yuni aka saki naira ta nemo wa kanta farashi, lissafin da muka yi da azumi ya rushe tun kafin babbar salla.

Na sauka a tsakiyar Satumba cikin yayyafi, ba ni da komai sai akwati biyu da lambar wayar wani Alhaji da abokin Yaya ya rubuta mini. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ina fitowa na hango zanna bukar a kan rigar sanyi, na san shi ne. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ya zo karatun akanta kusan shekara talatin da suka wuce, zama ya kama shi, yanzu tasi yake ja. Na durƙusa zan gaishe shi a tsakiyar filin jirgi, ya kamo kafaɗata ya ce, "Tashi, tashi, kar su ɗauka faɗuwa ka yi su kira motar asibiti."

A gidansa akwai wani ɗaki a can sama, ƙarƙashin rufi, wanda in ka miƙe tsaye a gefe sai ka buga kai. Katifa biyu, darduma, da wata baƙar rigar sanyi rataye a bayan ƙofa, zif ɗinta ya lalace an maye shi da fil. Alhaji ya ce in sa kafin in sayi tawa. A aljihunta na tsinci tikitin bas na 2019 da ɓawon alawa. Daga baya na gane kusan duk Bahaushen da na haɗu da shi a garin ya taɓa sa rigar nan. Akwai wani likita, babba ne yanzu a asibiti, da ya gan ta a jikina ranar Juma'a ya kama hannunta yana dariya, ya ce shi ya ɓata zif ɗin.

Sati uku na yi a ɗakin. Da na samu ɗakin haya na fam 450 a wata, sai mai gidan ya ce ko in kawo mazaunin ƙasar mai albashi ya tsaya mini, ko in biya wata shida a dunƙule. Na dawo jiki a sanyaye. Bayan kwana biyu Alhaji ya ce in kawo takardar, ya sa hannu a kan sitiyari. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan na kasa biya fa?" Ya ce, "Sai in biya, sannan in buga wa babanka waya." Daga ranar ban taɓa bari ɗaya ga wata ta wuce ni ba.

A makaranta, abin da ya fara ba ni wuya ba Turanci ba ne. Suna ne. Malamar da ke koya mana tushen fannin ta girmi Inna, amma ta ce kowa ya kira ta da sunanta gatsau, ba Farfesa ba Dakta. Na yi wata guda ina kewaye-kewaye kamar amarya da sunan miji. In zan yi mata magana sai in jira mu haɗa ido. Na biyu kuma shi ne yadda ake karatun. Mu goma sha biyar a kewaye da tebur, an ba mu shafi tamanin ko ɗari mu karanto, malama ta zauna ta ce, "To, me kuka gani?" Ni na saba da haddacewa. Ka tashe ni da tsakar dare in kawo maka abin da Durkheim, ɗaya daga cikin magabatan fannin, ya ce game da masu kashe kansu a littafinsa na 1897, ko yadda takwaransa Weber ya danganta aƙidar wasu Kiristoci da bunƙasar jari-hujja. Rubutuna na farko ya samu maki 54, a tsarin da 50 ne cin jarrabawa, 70 kuma zarra. A ƙasa ta rubuta cewa na gaya mata duk abin da Weber ya faɗa, kuma ta riga ta san wannan. Ni me na ce? Na karanta a cikin bas, kunya ta kama ni kamar an yi mini tsirara. A tarbiyyar da na samu, yaro bai cewa "a ganina" a gaban littafin manya.

Ranar da bakina ya buɗe, Ibn Khaldun ne ya buɗe shi. Ana ta maganar cewa Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin suna a 1838, na ce to amma wani mutumin Tunis ya zauna a wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau a 1377 ya rubuta littafinsa Muƙaddima, ya ce ya ƙirƙiro sabon ilimi na nazarin zaman jama'a, ya bayyana yadda asabiyya, wato haɗin kan jama'a, ke ɗaga dauloli kuma jin daɗi ya kayar da su. Tazarar shekara 461 ke nan. Na zaci za a yi gardama. Malama ta ce haka ne, sai ta tambaye ni ko bayaninsa zai iya fassara tashin daular Sakkwato da abin da ya biyo baya. Nan na tsaya cak. Na kawo sunan ne don alfahari, ban taɓa tunanin in sa shi aiki ba.

Garin kansa aji ne. Wata Laraba aka fita da mu a ƙafa zuwa bayan tashar jirgin ƙasa ta titin Oxford, gefen kogin Medlock, inda a da ake kira Ƙaramar Ireland. Nan Friedrich Engels, abokin tafiyar Karl Marx mai sukar jari-hujja, yana saurayi ɗan shekara 22 da aka turo shi a 1842 ya yi aiki a masaƙar da mahaifinsa ke da hannun jari, ya ga 'yan ci-rani cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu damshi, ya bayyana su a littafinsa na 1845. Yau dogon benen ɗalibai ne a wurin, kuma yawancin masu haya a ciki baƙi ne kamar ni, sai dai masu kuɗi. Malamin da ya zaga da mu ya ce masana tarihi suna ganin wata ma'aikaciya 'yar asalin Ireland, Mary Burns, ita ce ta riƙa shigar da Engels lungunan da ɗan mai masaƙa ba zai iya shiga shi kaɗai ba. Na rubuta sunanta a littafina na wuce. A nan garin ne kuma aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta sa ido a kan ƙasarmu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Duk lokacin da na wuce tsofaffin masaƙun nan na jan bulo sai in tuna wannan in yi murmushi ni kaɗai.

Sanyi ya shigo. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a aji ɗaya. A cikin duhun nan aka ba mu wani gajeren rubutu na Georg Simmel na 1908 a kan baƙo. Shi a wurinsa baƙo ba matafiyin da ya zo yau ya wuce gobe ba ne, wanda ya zo yau ne kuma gobe ta same shi yana nan. Yana ciki yana waje, shi ya sa yake ganin abin da 'yan gari suka daina gani. Mu kuwa mun ce baƙo raɓa ne, mun kuma ce baƙo ko da ido makaho ne. Na kai wannan aji, aka yi ta juya shi kusan rabin awa. Wata 'yar Chile ta ce duka biyun gaskiya ne, makaho ne a kan hanyar gari, amma mai gani ne a kan halin mutanensa. Ni dai Alhaji na tuna, raɓar da ta shekara talatin ba ta bushe ba.

A laburare, a hawa na uku, ina neman wani littafi daban, na ci karo da na Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo a Badun. Na zauna a ƙasa tsakanin kantoci na fara karantawa, ban tashi ba sai da ƙafata ta yi sanyi. Cohen haifaffen Bagadaza ne, a nan Manchester ya yi digirinsa na uku a sashen da Max Gluckman ya kafa a 1949, ya je ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963. Abin da ya bayyana shi ne yadda fataucin shanu daga arewa da na goro daga kurmi ya rataya a wuyan masu gida. Falke ya iso da garkensa garin da bai san kowa ba. Mai gida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillalansa. Mahautan Yarbawa ba su biya nan take, bashi suke ɗauka, kuma falke bai san waye mai biya waye mai gudu ba. Mai gida ne ya sani, shi ke tsayawa, in mahauci ya ci amana sunansa ne zai ɓaci. Babu banki, babu takarda, babu kotun da za ta ƙwato maka saniya. Amana ce kawai, da sanin mutane. Sai Cohen ya kawo hujjarsa mai ɗaci: Hausawan Sabo sun ƙara riƙe Hausancinsu ne, suka rungumi Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, suka ware masallacinsu na Juma'a, ba don kewar gida kawai ba. Rabuwar nan ita ce katangar da ke tsare musu kasuwa, a daidai lokacin da mulkin Turawa da ya ba su sarautar unguwa yake janyewa.

A daren na kira Baba, don kakana ya yi fataucin shanu zuwa Badun. Ina ta zuba masa bayani da ɗoki, ya katse ni ya ce, "Ai wannan kowa ya sani. Shi Baturen har littafi ya yi a kai?" Sai kuma ya ɗauki zancen daga hannuna. Ya gaya mini yadda ake raba la'ada, yadda falke zai bar kuɗinsa a hannun mai gida wata da watanni ba rasit, yadda wani mai gida ya sayar da gidansa don ya biya bashin mahaucin da ya lamunta. Mun yi minti arba'in. Tun da na zo duniya ban taɓa yin hira mai tsawon haka da mahaifina ba, kuma ita ce hirar farko da karatuna ya shiga bai fito da kunya ba.

Ina ajiye wayar na kalli baƙar rigar, wadda har lokacin ban mayar ba. Masauki, abinci, hanyar samun aiki, lamuni. Ashe a Sabo na sauka ban sani ba.

A Fabrairun 2024 fam ɗaya ta doshi naira 2,000, kashi na biyu na kuɗin makaranta ya zo, abin da Yaya ya tara ya koma rabin abin da ake bukata. Biza ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Wani yaron Alhaji ya kai ni wani katafaren sito a bayan gari, aikin dare, fam 10.42 a awa, ina tura keke ina tsinto kaya, wata na'ura a hannuna tana ƙirga mini daƙiƙoƙi. Da safe in shiga aji a yi maganar yadda Marx ya ce ma'aikaci na zama baƙo ga aikin hannunsa, ni kuwa ƙafafuna suna zogi a ƙarƙashin tebur. Duk da haka kuɗin bai kai ba. Akwai adashi na mutum goma, fam ɗari-ɗari a wata, Hajiya matar Alhaji ce uwar adashi. Ban yi zubi ko biyu ba aka ce in kwasa, wani da layinsa ya zo ya haƙura ya koma baya. Da haka na tsallake.

Saboda haka da lokacin zaɓen abin da za a yi bincike a kai ya zo, ban yi dogon tunani ba. Zan rubuta kalma 15,000 a kan yadda Hausawan garin ke karɓar sababbin zuwa, in gwada da unguwar Sabo ta littafin Cohen bayan shekara sittin. Kafin ka yi wa kowa tambaya ko ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. Akwai takardar bayani, akwai ta yarda da mutum zai sa hannu, dole a canja sunaye, dole a adana muryoyi inda ba mai kaiwa gare su. Na zauna na mayar da takardun Hausa, na kai wa Alhaji bayan isha'i. Na karanta masa cewa yana da ikon janyewa a duk lokacin da ya so. Ya ce, "In janye in je ina? Nan fa gidana ne." Da na zo kan ɓoye suna ya cire tabarau ya ce, "Sata na yi?" Na yi ta bayani cewa kariya ce gare shi da waɗanda zai ambata. Ya sa hannu yana girgiza kai. Gaskiya ni ma a lokacin na ɗauki takardun nan a matsayin fi'ilin Turawa. Sai da wani ya gaya mini abin da ya shafi takardun zamansa a ƙasar, muryarsa na rawa, na gane amfaninsu.

Na yi hira da mutum goma sha uku, duk maza. Na rubuta babin da nake ji da shi, na ɗora shi a kan Pierre Bourdieu, wanda ya ce jari ba kuɗi kaɗai ba ne, sanin mutane ma jari ne, kuma ana iya canja wani zuwa wani. Na nuna cewa katifa da tuwon da Alhaji ke bayarwa suna dawo masa ta wata ƙofa: shi ake kira ya raɗa suna, shi ke karɓar aure, in babban mutum ya zo daga gida a falonsa yake sauka, ba a yanke shawara ba ya nan. Na ga ya kamata in karanta masa kafin in miƙa, na fassara masa a baki. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Wato dai kasuwa na buɗe da ku."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba."

Ya ce, "Haka ka rubuta. Mutum uku na biya wa haya suka ɓace, ɗaya ko sallama bai yi mini ba. Wannan wace irin riba ce? Ni lokacin da na zo, wani ne ya sauke ni, yana nan kwance a maƙabartar kudancin gari. Lada nake nema, yaro. Ko karatun naku ba shi da gurbin da ake sa lada?"

Na fito gidan ban ci abinci ba. Na yi sati ban koma ba. Abin da ya dame ni shi ne ban yarda na yi ƙarya ba. Girman da Alhaji ke samu gaskiya ne, kuma yana jin daɗinsa, duk wanda ya ga yadda yake gyara babbar riga a wurin ɗaurin aure ya san haka. Amma na ɗauki dalilin da shi ya bayar na ajiye a gefe kamar ɓawo, na ce ƙwayar tana wani wuri da ni kaɗai na gano. Wannan girman kai ne, kuma fanninmu yana da shi sosai. Abin haushi, Weber ɗin da na haddace shi ne ya nace cewa ba za ka fahimci aikin mutum ba sai ka fahimci ma'anar da shi ya ba aikin. Na san jimlar tun a Samaru. Sai da dattijon da ya ciyar da ni ya ɓata rai sannan ta shiga kaina. Har yau ina ganin Cohen ya yi gaskiya a kan kasuwa, amma ban yarda mutum zai tashi sallar asuba cikin sanyi shekara da shekaru don tsare cinikin shanu kawai ba.

Na kai wa malamar da ke duba aikina wannan damuwa, ina jiran ta yanke hukunci tsakanin riba da lada. Ta saurara, ta ce in rubuta duka biyun, in bar maganarsa da bakinsa. Sai ta juya shafuka ta ce ta ƙirga, na ambaci tuwo sau tara. Wa ke dafa shi?

Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba. Sati uku ina cin abincin matar nan safe da dare, ta riƙe mini adashi, amma da na zo jera waɗanda suka san harkar sai na lissafa maza goma sha uku. Na tuna Mary Burns da na rubuta sunanta na wuce.

Na koma gidan da ledar lemo na ba Alhaji haƙuri, ya ce ya wuce. Na nemi izni a yi hira da Hajiya. Ya yi mamaki, ya ce ita me ta sani. Daga kicin ta ce, "Ƙyale shi ya shigo." Ta dawo ke nan daga aikinta na kula da tsofaffi, ko rigar aikin ba ta cire ba, tana tuƙa tuwon garin shinkafa a wata tukunya. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa duk a cikin akwatunan baƙi suke zuwa. Kilishi kam doka ta hana shigo da nama, kada wanda ya ce ban gaya masa ba. Na karanta mata takardar yarda, ta sa hannu ba gardama, ta zaɓi sunan da za a ɓoye ta da shi da kanta.

Ta ce, "Ɗan nan, shi ɗauko ku yake yi a mota, minti arba'in. Ni nake zama da ku." Ta sa na miƙo mata littafin adashi daga saman firij. A bayansa ta jera duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin sama, da watan da ya zo da wanda ya tafi, mutum 41. Wasu sunayen da ɗigo a gefe, wasu da gicciye. Na tambaya ma'anarsu. Ta ce ai Alhaji bai sa hannu a takardar hayar kowa sai ta ce a sa. Kwana biyun da na yi ina jira, ashe ba tunani yake yi ba. Tana duba ko yaro yana tashi asuba ba a tashe shi ba, tana jin yadda yake magana da uwarsa a waya, tana lura ko in ya gama ci yana barin kwano inda ya zauna. Mutum ukun da suka gudu, ta ce, biyu ta hana, bai ji ba.

Na ce, "Ni fa, Hajiya?"

Ta ce, "Kai kana kawo kwanonka kicin, amma ba ka wankewa. Na ce a tsaya maka, amma a sa ido."

Hirar ta kai awa biyu, kuma ita ce ta rushe mini tsarin aikin gaba ɗaya. Ilimin da ya sa lamuni yake yiwuwa, wato sanin waye mai biya waye mai gudu, a kicin ake tara shi. Da na tambaye ta ita me take samu, ba ta ce lada ba, ba ta ce girma ba. Ta ce, "Ciwon baya."

Ina cikin sake rubutu, a ƙarshen Yuli aka kashe yara mata uku a Southport, aka baza ƙarya a intanet game da wanda ya yi kisan, tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama, ana kai wa masallatai da masaukan masu neman mafaka hari. Ranar 3 ga Agusta an yi hargitsi a tsakiyar Manchester. A makon ne na ga tsarin da nake rubutu a kai yana aiki a gaban idona: Hajiya ta bi littafinta suna bayan suna, duk wanda ke garin ta kira, wanda ke aikin dare Alhaji ya je ya ɗauko shi a tasi ba ko sisi. Inna ta bugo a firgice ta ce kada in fita ko ƙofa. Na ce to, ita fa ya gari? Ta ce su ma an sa dokar hana fita ta awa 24 a Zariya saboda zanga-zanga. Muka yi ta yi wa juna faɗan a zauna a gida.

Na miƙa aikin a farkon Satumba. Ya samu 68, maki biyu ya rage in yi zarra, kuma gyaran da aka yi mini daidai ne: mace ɗaya cikin mutum goma sha huɗu ta yi kaɗan ga hujjar da na ɗora mata. Na kai musu taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, shafi uku. Alhaji ya karanta wurin da na sa maganarsa ta lada kamar yadda ya faɗe ta, ya gyaɗa kai. Da ya iso babin Hajiya ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce mutum biyun da ta ce ta hana, ɗaya ne kawai ya tuna.

Yanzu a bayan ƙofar kicin akwai takarda manne, da rubutun Hajiya, mai ɗauke da sunayen masu wanke-wanke na daren Juma'a. An sa har da likitan da ya ɓata zif. Alhaji yakan leƙo ya gan mu da soso ya ce, "Karatun wannan yaron ne ya ja muku." Shi dai sunansa bai shiga ba tukuna, ana kan tattaunawa. Makon jiya layina ne. Ƙanzon tuwon shinkafa bai fita da ruwan zafi, sai an jiƙa tukunyar ta kwana, kuma sai da na karce ta da cokali na ɓata mata ciki sannan aka gaya mini.